Na'ura Shuɗi Take Gani: Sharhi Kan Awon Fosfet a Cikin Ruwa

A ce an ɗebo ruwa guga ɗaya daga rafi, an raba shi kwalba biyu, an aika ɗakunan gwaje-gwaje biyu don awon fosfet. Na farko ya rubuto cewa abin da ke ciki miligiram 0.10 ne a kowace lita, na biyu ya ce 0.31. Mai ruwan zai ɗauka ɗayansu ya yi masa aikin ganin dama, ko kuma na'urarsa ta samu matsala. Alhali yana yiwuwa dukansu gaskiya suka faɗa, kuma abu ɗaya suka gani. Na farko nauyin fosforas zalla ya lissafa. Na biyu ya haɗa da zarrar oksijin huɗu da ke manne da shi, waɗanda su ne suka mai da shi fosfet. Nauyin fosforas 31 ne, na fosfet 95, saboda haka lambar na biyu dole ta ninka ta na farko sau uku da ɗan ɗoriya. Da za a kai ruwan wurin mai binciken ƙasar noma, shi kuma 0.23 zai ce, domin su da P2O5 suke lissafi, wato lambar nan ta tsakiya da ke jikin buhun takin zamani. Mudu uku ke nan a kasuwa ɗaya, kowanne kuma sunansa mudu.

Wannan ruɗani shi ne mafi sauƙi, tunda da alƙalami ake warware shi. Na fara da shi ne don a ga halin fosfet: lambar da ke kan takardar sakamako ba ta tsayawa da ƙafarta sai an ji labarin da ke bayanta, kuma mafi yawan labarin yana faruwa tun kafin ruwan ya shiga na'ura. Ɗalibai, har da wasu da suka daɗe a aikin, hankalinsu yana kan na'urar: wace iri ce, daga wace ƙasa ta zo, nawa aka saye ta. Ni kuwa in aka nuna mini sakamakon fosfet, abin da nake fara tambaya shi ne da me aka wanke kwalbar.

Dalilin wannan tsantseni shi ne ƙanƙantar abin da ake nema. A yawancin tafkuna da madatsun ruwa, fosforas ne linzamin gansakuka. Kabon tana samunsa daga iska, wasu nau'o'inta ma suna iya jawo naitirojin daga iska, amma fosforas sai abin da ruwa ya kawo mata. Masanin teku Alfred Redfield ya nuna cewa a jikin ƙananan tsirran ruwa, zarrar fosforas ɗaya tana tafe da naitirojin 16 da kabon 106. A shekarar 1973 David Schindler da abokan aikinsa suka gwada abin a aikace a arewa maso yammacin lardin Ontario na Kanada. Sun samu wani tafki mai ƙugu a tsakiya kamar kalangu, wanda ake kira Tafki na 226, suka tsaga shi biyu da labulen roba. Ɓangarorin biyu duk aka zuba musu kabon da naitirojin, ɗaya kaɗai aka ƙara masa fosforas. Hoton da aka ɗauka daga sama ya kashe bakin masu gardama: gefe ɗaya ruwa garau, ɗaya gefen kore shar kamar miyar kuka. Binciken yana cikin hujjojin da suka sa ƙasashe suka taƙaita fosfet a sabulun wanki. Wanda ya taɓa tsayawa a bakin kududdufin unguwa da rani, inda ruwan kwata yake gangarawa, ya ga irin wannan kore da idonsa, ya kuma san ruwa ba ya tsami banza.

A ma'aunin da OECD, ƙungiyar haɗin kan ƙasashe kan tattalin arziki, ta fitar a 1982, tafkin da jimillar fosforas ɗinsa ta haura miligiram 0.035 a lita ya shiga sahun waɗanda abinci ya yi wa yawa. Don a gane ƙanƙantar wannan lamba, buhun 15-15-15 mai kilo 50 yana ɗauke da fosforas zalla kusan kilo 3.3. In duk ya narke, ya isa ya kai ruwa sama da lita miliyan 90 wannan mataki. A irin wannan taƙi ake so mai awo ya faɗi gaskiya.

Fosfet ba shi da launi, ba shi da wari. Na'urar da ake kira sifektirofotomita kuma haske kawai ta sani: tana harba shi ta cikin ruwa, ta auna nawa ya fita ta ɗaya gefen. Dole ke nan a rina fosfet ɗin kafin ta gan shi. Ana zuba sinadarin molibdet a cikin asid, sai zarrar molibdenam 12 su yi wa fosforas ɗaya ƙawanya, su zama wani dunƙule mai launin rawaya-rawaya. Sai asid ɗin askobik, wato bitamin C ɗin da kowa ya sani, ya ba dunƙulen elektiron, ya juye ya koma shuɗi. Marinan Ƙofar Mata sun san irin wannan juyi, sai dai nasu ta baya yake: zane yana fitowa daga karofi kore-kore, iska ce take buga shi ya yi shuɗi ta hanyar ƙwace masa elektiron. A kwalba kuwa ba shi ake yi. Iya yawan fosfet, iya duhun shuɗin. Ana karanta shi a zangon haske na nanomita 880, wanda ya wuce inda idon mutum yake kaiwa.

Hanyar ta daɗe. A 1920 Georges Denigès na birnin Bordeaux a Faransa ya yi amfani da gishirin kuza wajen fito da shuɗin. Yana da kaifi, amma launin ba ya zama wuri ɗaya, gishirin teku kuma yana dagula shi. A 1962 J. Murphy da J. P. Riley na Jami'ar Liverpool a Ingila, waɗanda ruwan teku ne abin bincikensu, suka haɗa komai a ruwa ɗaya, suka sa askobik a madadin kuza, suka ƙara ɗan antimoni don launin ya fito cikin mintuna ba sai an dafa ba. Har yau hanyarsu ce ƙashin bayan ƙa'idar ISO 6878 da ta Amurka da ake kira 4500-P. A tsarin Amurkan ana haɗa asid ɗin salfurik mililita 50, ruwan antimoni 5, molibdet 15, askobik 30, a wannan jeri ba tsallake, ana girgizawa bayan kowanne. Haɗin awa huɗu kacal yake yi. Ana zuba mililita 8 a samfur mai mililita 50, a karanta bayan minti 10, kada a wuce 30. Ruwan askobik shi kaɗai yana kai mako ɗaya a firji mai digiri 4, amma inda wuta take zuwa lokacin da ta ga dama, wannan mako ba abin dogaro ba ne. Gara a auna sabo kowace safiya, tunda ba tsada gare shi ba. Akwai wata hanyar ta rawaya, mai amfani da banadet, wadda ta dace da ruwan masai da na masana'antu inda fosforas yake daga miligiram 1 zuwa 20. Kai ta bakin tafki kamar auna zinariya ne da sikelin buhu.

Inda gizo yake saƙa shi ne, molibdet ba ya kama kowane fosforas. Wanda yake sake, wato otofosfet, shi kaɗai yake shiga ƙawanyar. Saura yana nan a ɓoye ta hanyoyi da dama. Akwai wanda yake sarƙe da 'yan uwansa, irin na garin sabulu. Akwai wanda yake ɗaure a jikin halittu da gawarsu, a cikin DNA da bangon ƙwayoyinsu. Akwai kuma wanda ya manne a jikin laka, musamman jar ƙasa mai tsatsar ƙarfe, wadda take riƙe shi kamar kaska. Mai son sanin jimilla sai ya fasa waɗannan duka: ya zuba asid da sinadarin fasalfet, ya sa a tukunyar matsi a digiri 121 na minti 30, ya bari ya huce, ya daidaita tsaminsa, sannan ya rina. In bai girgiza kwalbar sosai kafin ya ɗibi rabonsa ba, lakar ta kwanta a ƙasa da rabin amsar. Sakamakon ruwan da aka tace ba a dafa ba, da na wanda aka dafa ba a tace ba, amsoshin tambayoyi biyu ne daban, ko da duk an rubuta musu "fosfet".

Tafkin Erie, da ke tsakanin Amurka da Kanada, ya nuna abin da wannan bambanci yake haifarwa. A shekarun 1960 gansakuka ta ci ƙarfinsa har ana cewa ya mutu. Ƙasashen biyu suka sa hannu a yarjejeniya a 1972, aka matsa wa cibiyoyin tace ruwan masai, aka rage fosfet a sabulu, daga baya aka ƙayyade cewa jimillar fosforas da ke shiga tafkin kada ta wuce tan 11,000 a shekara. A shekarun 1980 aka cim ma wannan buri, tafkin ya farfaɗo, kowa ya yi murna. Sai ga shi daga tsakiyar shekarun 1990 koren ya fara dawowa, alhali lissafin jimilla bai nuna wani tashin da zai bayyana hakan ba. Amsar tana wani ɗakin gwaje-gwaje na Jami'ar Heidelberg da ke garin Tiffin a jihar Ohio, wanda tun tsakiyar shekarun 1970 yake ɗibar ruwan kogin Maumee, wanda ke kwarara cikin tafkin, ba fashi, yana auna jimilla daban, narkakken fosfet daban. Alƙalumansu suka nuna cewa narkakken, wanda gansakuka take sha nan take, ya sauka har zuwa tsakiyar shekarun 1990, sannan ya juya ya riƙa hawa.

Masu bincike suna danganta wannan da abubuwa da dama da suka haɗu. Manoman yankin sun rage kifar da ƙasa don hana zaizaya, abin da ya rage fosforas ɗin da ke bin laka, amma ya bar taki yana taruwa a saman gona. Ga bututan tsane ruwa da aka binne a ƙarƙashin gonaki, ga ruwan sama mai ƙarfi da ya ƙaru. Ranar 2 ga Agusta 2014 aka sanar da mutum sama da 400,000 a birnin Toledo na jihar Ohio, da ke bakin tafkin, da kewaye cewa kada su sha ruwan famfo, kada kuma su dafa shi, saboda gubar maikrosistin da gansakukar ta saki. Sai ranar 4 ga wata aka ɗage. Da ƙasashen biyu suka sake zama a 2016, suka amince da ragin kashi 40 cikin 100 bisa matakin 2008, kuma wannan karon burin Maumee na watannin Maris zuwa Yuli lamba biyu ne: tan 860 na jimilla, tan 186 na narkakke. A ma'aunin lita, na biyun ya kama miligiram 0.05. Da jimilla kaɗai ake aunawa duk waɗannan shekaru, da takardu suna ta cewa lafiya lau tafkin yana ruɓewa.

Me ake nufi da narkakke? Duk abin da ya ratsa mataci mai ƙofofin maikromita 0.45. Wannan iyaka yarjejeniya ce kawai ta masu aikin, domin akwai ƙananan ɓurɓushi da ke ratsa ta ba tare da sun narke ba. Amma tunda kowa da ita yake aiki, wanda ya tace da takardar tacewa ta yau da kullum ba zai iya kwatanta sakamakonsa da na kowa ba. Lokacin tacewa ma ya fi girman ƙofar muhimmanci. Ruwan rafi rayayye ne. An rufe kwalba ba ya nufin ƙwayoyin da ke ciki sun daina ci: wasu suna shanye fosfet ɗin, wasu suna mutuwa suna sakin nasu, laka tana kamawa tana saki. Shi ya sa dokar Amurka ta ce a tace cikin minti 15 da ɗiba, a sanyaya zuwa digiri 6 ko ƙasa, a auna cikin awa 48. Ruwan da aka ɗebo daga madatsar Tiga da hantsi, ya wuni a bayan mota cikin zafin bazara, ya kwana a kan benci, washegari aka tace shi, abin da za a auna tarihin kwalbar ne. Maganin ba mai tsada ba ne: sirinji da ɗan mataci a bakin ruwa, a zubar da ɗigon farko don ya ɗauraye matacin, sai kula cike da ƙanƙara.

Kuskure biyu ne suka fi yawa a nan, duk kuma da kyakkyawar niyya ake yin su. Wani zai zuba asid don ya adana samfurin. Wannan daidai ne ga mai neman jimilla, domin a tsamin da ya gaza pH 2 ruwan yana kai kwana 28. Ga mai neman narkakke kuwa ɓarna ce, saboda asid ɗin yana kwance ɗaurarren fosforas ya ƙara a kan sakakken. Wani kuma zai daskarar da ruwan da bai tace ba, ƙanƙara ta farfasa ƙwayoyin halittun, su zubar da abin da ke cikinsu.

Sai maganar kwalba. Samfur mai mililita 50 wanda fosforas ɗinsa 0.02 ne a lita, gaba ɗaya abin da ke cikinsa maikrogiram ɗaya ne, kashi ɗaya cikin miliyan na giram. Duk abin da ya ƙara masa maikrogiram ɗaya ya ninka sakamakon. Ɗan hakin da ka raina ke nan. Ragowar garin sabulu a bangon gilashi ta isa, haka yatsan da ya taɓa cikin murfi, haka bututun awo da aka taɓa ɗibar ruwan taki da shi. Tarayyar Turai ta taƙaita fosfet a sabulun wanki daga 2013, a na injin wanke kwanuka daga 2017, amma ba kowace kasuwa ce take bin wannan doka ba, ba kuma kowane ƙunshi ne yake faɗin abin da ke cikinsa ba. Ƙa'idar ita ce a wanke da asid ɗin haidirokulorik mai sirki, a ɗauraye da tsarkakken ruwa sau da yawa, a ware kayan fosfet kada su yi wani aiki, a ajiye su a rufe. Gorar roba kuma nata laifin na ragi ne: in fosfet ɗin kaɗan ne, bangonta yana iya tsotse wani abu daga ciki.

Mu da muke zaune a hanyar iskar hunturu muna da ƙarin abin lura. Ƙurar da ke tashi daga kwarin Bodele a arewacin Chadi, busasshen gindin tsohon babban Tafkin Chadi, tana ɗauke da fosforas. Wani bincike na hukumar NASA da aka wallafa a 2015 ya ƙiyasta cewa ƙurar Sahara tana kai wa dajin Amazon fosforas kusan tan 22,000 a shekara. Abin da ya iya ƙetare Tekun Atlantika ya yi wa daji taki ba zai rasa hanyar shiga buɗaɗɗiyar kwalba ta tagar da aka bari a buɗe a watan Janairu ba.

Ko kwalba ta yi tsaf, na'ura ba ta tambayar shuɗin daga ina ya zo. Asenet, wani nau'in asenik, ƙirarsa ɗaya da fosfet kamar an tsaga kara, kuma molibdet yana yi masa ƙawanya iri ɗaya. Asenik miligiram 0.1 a lita ya isa ya ɗaga sakamako, shi ya sa a wurare irin su Bangladesh, inda ruwan rijiya yake ɗauke da shi, ko kusa da wuraren haƙar ma'adinai, sai an fara sauya masa kama da sinadarin tayosalfet. Silika ita ma tana iya shiga, kuma a ruwan burtsatse takan ninka fosfet sau ɗaruruwa. Abin da ke tsare ta shi ne ƙarfin asid: in ya kai yadda aka tsara, fosfet yana gama rinuwa silika ba ta motsa ba. In ya yi rauni, ko aka ɗumama ruwan, ko aka daɗe ba a karanta ba, sai ta kutso. In ya yi rauni ƙwarai, molibdet ɗin da kansa yana yin shuɗi ko babu fosfet ko ɗigo. Ruwa mai kanwa, irin na wasu tafkuna da rijiyoyin yankin Tafkin Chadi, yana cinye asid ɗin haɗin, don haka ake ɗiga fenolftalin tukuna. In ruwan ya yi ja, a kashe jan da asid ɗigo-ɗigo kafin a ci gaba.

Ruwan damina kuma nasa daban. Laka tana tare haske, na'ura ta lissafa ta a matsayin shuɗi. Ana ɗibar wani kaso na samfurin, a zuba masa komai ban da askobik da antimoni, a karanta, a cire daga na ainihin. Na ga sakamako da dama da ke cewa fosfet ya yi tashin gwauron zabi a watan Agusta. Wani lokaci gaskiya ne, ruwa ya wanko gonaki. Wani lokaci jar ƙasa ce kawai aka auna, kuma in ba a faɗi yadda aka yi da gurɓatar ruwan ba, mai karatu ba shi da hanyar rarrabewa.

Juya duhun shuɗi zuwa miligiram yana buƙatar abin kwatance da aka san nauyinsa. Ana busar da wani gishirin fosfet da ake kira KH2PO4 a digiri 105, a auna miligiram 219.5, a narkar a lita ɗaya, a samu ruwa mai fosforas miligiram 50 a lita. Daga shi ake sirka matakai biyar ko shida a ranar aiki, waɗanda za su saka samfurin a tsakiya, a rina su tare da shi, da haɗi ɗaya, a zafi ɗaya. In samfurin ya fito daga firji da sanyinsa, launinsa zai yi nawa, ya karanta ƙasa da gaskiya. In an dafa samfuri, a dafa su ma. Wanda shuɗinsa ya wuce na matakin ƙarshe sirka shi ake yi a sake, ba a jan layi zuwa inda ba a gwada ba.

Akwai wani abu da ake yawan mantawa, wato faɗin 'yar kwalbar da ake sakawa a na'ura, wadda ake kira kubet. Iya tsawon tafiyar haske a cikin ruwa, iya abin da ruwan yake sha. A ƙa'idar 4500-P, kubet mai santimita 1 ta dace da 0.15 zuwa 1.30, mai santimita 5 kuwa daga 0.01 zuwa 0.25. A duba waɗannan lambobi kusa da 0.035 na OECD da 0.05 na Maumee. Yawancin ɗakunan gwaje-gwajen makarantu mai santimita 1 kawai gare su, ma'ana daidai wurin da hukunci yake, a nan idonsu ya fi rauni. Ƙananan na'urorin hannu masu aiki da ƙullin gari suna da amfani a fili, amma layin kwatancensu daga kamfani aka ɗora shi, kuma da yawansu a PO4, wato nauyin fosfet, suke nuna lamba sai in an sauya.

Hujjar mai awo ba rantsuwa ba ce, gwaje-gwaje ne da ke tafiya tare da samfurin. Na farko fanko: tsarkakken ruwa da aka bi da shi duk hanyar da samfuri ya bi, har a kai shi bakin rafi a zuba a irin kwalbar a tace da irin matacin. In ya dawo da shuɗi, an san ɓarawon a cikin gida yake. Na biyu a raba samfuri biyu a ga ko za su yarda da juna. Na uku a ƙara wa wani kaso fosfet da aka san adadinsa a ga ko zai dawo cif. In ya dawo da giɓi, wani abu a cikin ruwan yana danne launin. Sai iyakar gani: a auna ƙaramin mataki sau bakwai, a lissafa warwatsuwar sakamakon, a ninka da 3.14. Abin da ya gaza wannan ba a rubuta masa sifili, "ƙasa da kaza" ake rubutawa. Haka kuma na'urar da ta nuna 0.0437 ba ta ba kowa izinin kwafe lambobi huɗu ba, in ma'auninsa biyu kawai zai iya karewa.

Ko an kiyaye duk wannan, tsugune ba ta ƙare ba. A shekarun 1960 Frank Rigler na Jami'ar Toronto ya yi amfani da fosforas mai fitar da tururin nukiliya ya nuna cewa a ruwan tafki hanyar shuɗi tana ba da lambar da ta fi ainihin otofosfet nesa ba kusa ba. Asid ɗin da ke cikin haɗin kansa yana kwance wani ɓangare na ɗaurarren fosforas a cikin mintunan da ake jiran launi. A 2000 Jeff Hudson da William Taylor da Schindler suka wallafa awon tafkuna sama da 50 na Arewacin Amurka da wata hanya daban, suka samu sakakken fosfet ya gaza abin da aka saba samu da ninki 100 zuwa 1,000. Wannan bai kashe hanyar Murphy da Riley ba, domin a koguna da ruwan masai, inda fosfet yake da yawa, tana nan daram. Amma shi ya sa masu taka-tsantsan suka daina rubuta "otofosfet", suke rubuta "narkakken fosforas mai amsa molibdet". Sunan ya yi tsawo, sai dai iya abin da aka gani ke nan.

Abu na ƙarshe da ke ci mini tuwo a ƙwarya yana shafin tattaunawa na rahotannin ɗalibai, inda ake cewa sakamakon ya wuce, ko bai kai, "iyakar Hukumar Lafiya ta Duniya" ba. Hukumar ba ta sa wa fosfet iyakar lafiya a ruwan sha ba. Lambar da ake kwafa daga wannan rahoto zuwa wancan ba daga kundinta ta fito ba. Iyakokin da ake da su na kare rafi da tafki ne, kamar shawarar hukumar kare muhalli ta Amurka ta 1986: jimillar fosforas kada ta wuce 0.025 a cikin tafki, 0.05 a rafin da ke shiga tafki, 0.1 a wanda ba ya shiga. Waɗannan kuwa da jimilla ake kwatanta su, a ma'aunin P, wato fosforas zalla, ba da narkakken da aka lissafa a PO4 ba.

A ruwan famfo ma da gangan ake zuba shi. A yawancin Birtaniya da birane da dama na Amurka, ana ƙara otofosfet don ya yi wa cikin tsofaffin bututan darma ɓawo, ya hana darmar narkewa a ruwa. A watan Afrilu na 2014, wata uku da 'yan kwanaki kafin abin da ya faru a Toledo, birnin Flint da ke jihar Michigan mai maƙwabtaka da Ohio ya koma shan ruwan kogin Flint ba tare da zuba wannan sinadari ba. Ɓawon ya zaizaye, darma ta shiga ruwan gidaje, gwaji ya nuna ta ƙaru a jinin yara. Sai a watan Oktoba na 2015 aka mayar da birnin kan ruwan Detroit, daga baya aka ƙara yawan otofosfet ɗin don ɓawon ya sake ginuwa. Mai awo a irin wannan wuri ba ya fama da 0.02, lambobinsa manya ne, kubet mai santimita 1 ta ishe shi. Abin da yake bi shi ne nawa ya rage a famfon gidan da ke ƙarshen layi, bayan bututai sun sha rabonsu a hanya.